Mai Basilla da Jirgin da Bai Taɓa Gani Ba

Dauda mai ɗinkin buhu ya haura shekara hamsin a duniya bai taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsa ba. Wannan ba abin mamaki ba ne ga mutumin Garwa. Layin dogon da ya taso daga bakin teku a Ngaundare ya tsaya, daga nan duk abin da zai zo arewa sai an sauke shi an ɗora wa manyan motoci. Shi ya sa shinkafa kan iso Garwa da tsada, ta isa Mora da tsadar da ta fi wannan. Tun Dauda yana yaro ake cewa za a ƙaro layin, ga shi furfura ta cika masa gemu ana nan ana cewa.

Rumfarsa tana unguwar Rumde Ajiya, bayan layin mahauta, inda ƙudaje suka fi masu saye yawa. Sana'ar gado ce. Yakan sayi buhunan da aka juye kayan cikinsu, na shinkafa, na sukari, na fulawa, ya gyara su ya sayar wa manoman masara da albasa da gyaɗa. Abu biyu mahaifinsa ya koya masa tare da riƙon basilla. Na farko, kowane buhu ya shigo rumfa sai an juya shi ciki ya koma waje. A nan ake kakkaɓe ragowar tsaba don kaji, a nan ake ganin inda ɓera ya taɓa, kuma manomi farin gefe yake so, inda zai zana alamarsa da gawayi don kada kayansa su ɓace a mota. Na biyu, ba a tambayar wanda ya kawo buhu inda ya samo shi.

"Buhu ba ya da dangi," in ji tsohon. "Wanda ka tambaya, ka ce masa ɓarawo ke nan."

Da waɗannan biyun Dauda ya yi aure, ya gina ɗaki biyu, ya aurar da 'yarsa Fauziya. Hannunsa ya saba har yakan juya buhu yana hira, bai ma san ya juya ba.

Cikin masu kawo masa kaya babu kamar Barthélemy, wani Kirista ɗan duwatsun wajen Mora. Hare-hare ne suka koro shi da iyalinsa, ya samu gona a bakin kogin Binuwai, da rani kuma ya bi shaguna da kekensa yana tattara buhuna. Dauda ne ya fara ba shi wurin jingine keken, lokacin da ba wanda ya san shi a kasuwar. Shi yana kiran Dauda Sobajo, wato aboki da Fulatanci, Dauda kuwa Bati yake ce masa don sunan ya fi ƙarfin harshensa. In ya zo sai sun sha shayi, sai sun yi musu a kan farashi kamar za su daku, sannan su rabu suna dariya.

Wata ranar Talata Bati ya zo da ƙunshi babba a bayan keke. Buhuna ne sababbi ƙal, kowanne da jan layi mai faɗi a tsakiyarsa. Bai zauna ba. Abin da Dauda ya taya, nan take ya sallama.

"Yau ba musu, Bati? Ko ba ka da lafiya?"

"Sauri nake, Sobajo. Zan leƙa gida, tsohuwa ba ta jin daɗi."

Ya hau kekensa ya tafi. Dauda ya kwance ƙunshin, ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya jera farin gefe a waje kamar kullum.

Ba a yi mako ba zance ya cika kasuwa. Wai an tare jirgin kaya a daji kafin ya iso Ngaundare, a wata hawa inda yake rage gudu. Wai samari ne suka ɗare taragu, suka karya ƙofofi, suka yi ta jefo buhunan shinkafar da aka nufi Cadi da ita. Wasu suka ce ba samari ba ne, na ciki ne suka buɗe musu. Wasu suka ce shinkafar tana cikin Garwa, har an ci tuwonta. Sai motocin 'yan sanda suka fara zagaye. Yau a kwashe masu tura baro a tasha, gobe a kwashe 'yan acaba. Manyan shagunan hatsi da ke bakin titi dai a buɗe suke, masu su na zaune a kujera suna kallo.

Kasuwa ta canza. Mai awo ta daina barin buhunta a buɗe. Maƙwabci ya daina leƙa rumfar maƙwabci, amma yana kallon ta da gefen ido. Adamu mahauci, wanda teburinsa ke fuskantar rumfar Dauda, shi ne ya kawo labarin da ya tayar wa Dauda da hankali.

"Mai basilla! An ce buhunan jirgi jan layi gare su. Kai da ba ka taɓa hawa ko jaki mai kyau ba, kada mu ji ka tare jirgi."

"Ka ji da ƙashin da kake cusa wa mutane a cikin kilo," in ji Dauda.

Suka yi dariya. Amma da Adamu ya juya wajen nama, Dauda ya sa yatsa ya ɗaga bakin buhu ɗaya. Jan layin yana nan a ciki. Ya sake shi da sauri kamar ya taɓa garwashi. Ya yi tunanin ya ƙone su, amma hayaƙin leda ba ya ɓoyuwa. Ya yi tunanin ya kai gida, amma idon wa zai tsallake da ƙunshin? Yana cikin wannan saƙa da warwara, washegari da hantsi, motar 'yan sanda ta tsaya a bakin layin mahauta.

Wani jami'i mai suna Hervé ne ya jagorance su, mutumin kudu, dogo, da gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Kai tsaye suka zo rumfar Dauda, ba su tsaya a ta kowa ba. Wannan ya tsaya wa Dauda a rai: wani ne ya nuna. Hervé ya ɗauki buhu ɗaya, ya zura hannu, ya juyo shi. Jan layin ya fito a bainar jama'a.

"Don me ka ɓoye shi a ciki?" Fulatancin Hervé na kasuwa ne, amma ana ganewa.

"Ranka ya daɗe, ba ɓoyewa ba ne. Haka ake yi. Duba waɗancan na sukari, duba na fulawa, duk a juye suke."

"Duk ka ɓoye ke nan."

Aka sa shi a mota shi da buhunan.

A ofishinsu Hervé bai ɗaga masa murya ba. Ya ba shi ruwa, ya zauna a gefen tebur.

"Baba, na san ba kai ka hau jirgi ba. Kai ko tsani ba za ka iya hawa ba. Amma daga sama ana buga mini waya safe da yamma, suna son suna. Ka gaya mini wanda ya kawo maka, ka koma gida. In ka ƙi, kai ne mai karɓar kayan sata, zan tura ka gaban alƙali, daga can sai gidan yari. Ka yi tunani."

"Masu kawowa da yawa ne. Ba na riƙewa."

"Sababbin buhuna haka, ba ka riƙe ba?"

Dauda ya sunkuyar da kai.

Aka rufe shi da wasu masu tura baro da wani direba. Da azahar matarsa Salamatu ta kawo masa abinci a kwano. Ta ƙarfen taga suka yi magana, murya ƙasa ƙasa.

"Malam, na aika gidan Bati. Matarsa ta ce ya tafi Mora tun ranar Talata."

"Ai ya gaya mini. Tsohuwarsa ce ba lafiya."

"Tsohuwar da ta tashi ciwo daidai ranar da ya sauke maka kaya? Malam, mutumin da ke musu da kai a kan abin da bai kai kuɗin goro ba, ranar nan ya yi musu?"

Dauda ya karɓi kwanon, ita kuma ta ci gaba.

"Ka faɗi sunansa. In yana da gaskiya gaskiyarsa ta fisshe shi. Kai ciwon ƙafa gare ka, ba za ka iya kwanan siminti ba."

Bayan ta tafi ya kasa cin abincin. Ya yi ta juya ranar Talatar nan a ransa kamar yadda yake juya buhu. Bati bai zauna ba. Bai sha shayi ba. Ya dube shi ido da ido kuwa? Dauda ya kasa tunawa. Sai kuma zarginsa ya koma kan Adamu. Me ya sa shi ne ya fara kawo zancen jan layi? Ya daɗe yana cewa rumfar ta tare masa iska. Ko kuwa mai awon can ce da suka taɓa saɓani? Duk fuskar da ya ɗauko sai ya ga tabo a jikinta.

Amma akwai abin da ya sani tabbas. In ya ambaci Bati, to Bati ba ya da kowa a garin nan. Baƙo ne, ɗan gudun hijira, daga yankin da ko sunansa aka ji sai a ƙara duban mutum. Shi Dauda akwai masu zuwa taga. Bati in ya shiga, sai dai matarsa ta yi ta kuka a bakin ƙofa. In kuwa ya san abin da ya kawo fa? In ya sani ya zaɓi rumfar abokinsa don a nan ne ba a tambaya?

Da aka sake fito da shi, Hervé ya ce, "To, Baba?"

"Ban riƙe ba, ranka ya daɗe."

Sai Hervé ya ce a fita da su tsakar gida. Aka tsugunar da Dauda da masu baro a jere, aka baza buhunan a gabansu jan layi a waje, aka ɗauki hoto. Kafin la'asar hoton ya shiga wayoyin mutane, da rubutu a ƙasa wai an kama ɓarayin jirgi a Garwa.

Hoton ne ya tayar da mahauta. Washegari ba wanda ya rataye nama a layin. Suka zo da rigunansu masu jirwayen jini suka zauna a inuwar katangar ofishin, Adamu a gaba, ba ihu ba zagi. Masu tsire ba su samu nama ba, masu gidajen abinci suka fara kiran waya. Da rana ta take Hervé ya fito. Adamu ya miƙe.

"Misye, ranka ya daɗe, wannan tsohon ko Ngaundare bai taɓa zuwa ba. In jirgi kuke nema, ku fara kawo mana shi tukuna, sannan mu koyi satarsa."

Har wani ɗan sanda sai da ya juya baya yana dariya. Hervé bai yi dariya ba, amma ya riga ya sami hoton da zai aika sama. Aka riƙe buhunan, aka saki Dauda a hannun mahauta, da sharaɗin in an neme shi ya zo.

A hanya Adamu ya ce, "Mai basilla, wa ya kawo maka su?"

Dauda ya dube shi. Tambayar tausayi ce, ko ta mai son ji ya kai gaba? Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Adamu," bai ƙara ba.

Ya koma rumfa. Wasu manoman suka ci gaba da zuwa, wasu suka koma wajen wani. Yara in sun wuce sai su yi kukan jirgi da baki, su da ba su taɓa jin na gaske ba. Dauda ya daina juya buhu. Yakan rataye su da rubutunsu a waje, kowa ya karanta, in manomi yana son farin gefe ya juya da kansa. Sau da yawa hannunsa kan fara juyawa, sai ya farga ya mayar.

Damina ta kusa sauka sai ga Bati da keke, ya rame, kansa a aske. Tsohuwar ta rasu. Dauda ya yi masa ta'aziyya, ya zuba masa shayi. Bati ya ce a can ya ga hoton a wayar wani, ya so ya taho, ga gawa ga hanya ba kyau. Yana magana Dauda yana kallon bakinsa. Sannan Bati ya kwance sabon ƙunshi ya ajiye a tsakaninsu. Na fulawa ne, ba jan layi.

Dauda bai taɓa su ba. Ya ɗago ya dubi Bati.

"Bati, ina ka samo su?"

Bati ya ajiye kofin a hankali.

"Ni kake tambaya, Sobajo?"

"Kai nake tambaya. Da waɗannan, da na ranar Talata."

Bati ya ɗaga haɓa ya nuna bakin titi, wajen wani babban shagon hatsi mai koren ƙofa, wanda motar sintiri kan tsaya a inuwarsa direban ya sha ruwan sanyi.

"Can. Duka daga can ne, na ranar Talata a bayan shagon aka tara su, aka ce in kwashe kyauta, in yi sauri. Na ce yau Allah ya ba ni sa'a."

"Kyauta. Ba ka tambayi dalili ba?"

"Wa ya koya mini ba a tambaya?"

Dauda ya auna maganar a ransa. Yana iya zama gaskiya. Yana iya zama kuma amsar da mutum ya yi wata da watanni yana gyarawa a can duwatsun Mora.

"Na koren ƙofa ba na saye," in ji shi. "In ka samo na wani wuri ka kawo, ka faɗa mini wurin."

Bati ya ɗaure ƙunshinsa a bayan keke. Bai shanye shayin ba. Ya tura keken da hannu har ƙarshen layin mahauta, bai waiwayo ba. Daga teburinsa Adamu yana wasa wuƙa yana kallon su duka biyun. Dauda ya zuba ragowar shayin a ƙasa, ya ɗauki basillarsa.