Tsakanin Uban Nafi'u da Uwar Direba

Ban taɓa iya cire ranar nan daga raina ba, ranar da na yi tafinta tsakanin mahaifin wanda aka kashe da mahaifiyar wanda ya yi kisan. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, abin da kuka sani shi ne raka 'yan kasuwa garin Xintang cinikin wandon jins: lawban, wato mai shago, ya ce "meyo", ku juya ku ce wa Alhaji babu. Ni ma da haka na fara bayan na gama karatu a unguwar Tianhe. Sai daga baya ofishinmu ya soma tura ni asibiti da wajen lauyoyi, saboda an ga bakina ya nuna a Sinanci.

Nafi'u ɗan Kano ne, ejan ne mai duba kaya. Aikinsa shi ne ya tsaya a sito a loda dilolin jins a gabansa kafin mota ta wuce tashar jirgin ruwa ta Nansha. Mun saba sosai, masallaci ɗaya muke Juma'a, kuma bai taɓa wuce ni da ledar abinci bai ce bismilla ba. Wata rana da tsakar zafi gardama ta haɗa shi da wani direban babbar mota a kan jinkirin lodi. Aka raba su, kowa ya ɗauka magana ta wuce. Nafi'u ya sunkuya yana duba dila, direban ya zagayo ta bayansa da ƙarfen ɗaure igiya, ya sauke masa a ka, ya sake, sannan ya gudu. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Ba zan faɗa muku abin da na gani ba.

An kama direban, kotun farko ta yanke masa hukuncin kisa, lauyansa ya ɗaukaka ƙara. A nan sai na yi muku bayanin tsarinsu. Hukuncin kisa iri biyu ne a ƙasar nan. Akwai wanda ake zartarwa da zarar kotun ƙoli ta duba ta tabbatar. Akwai kuma mai jinkirin shekara biyu, wanda in fursuna bai sake laifi ba yawanci akan mayar da shi ɗaurin rai da rai. Cikin abubuwan da alƙalai ke dubawa akwai afuwar dangin mamaci: in suka sa hannu cewa sun yafe, ana iya sassautawa. Shi ya sa da lauyan ya ji mahaifin Nafi'u, Alhaji Garba, ya zo daga Kano, ya roƙi a haɗa shi da uwar direban.

Ogana ya kira ni ofis ya ce ni zan je. Na ce, "Oga, a tura wani. Ni na wanke yaron nan da hannuna."

Ya ce, "Na sani, Sa'adu. Amma Alhaji ya ce ba zai zauna ba sai da kai. Abu ɗaya nake so: abin da aka faɗa shi za ka faɗa. Kada ka ƙara gishiri, kada ka rage."

Kafin ranar, babu inda za ka zauna a cikinmu ba a wannan magana ba. A gidan abincin da muke taruwa bayan Juma'a, kowa ya zama alƙali. Wani ya ce ai shi ya sa ƙasar nan take zaune lafiya, mutum ya san in ya kashe za a kashe shi. Wani ya ce mu a gida an yanke wa mutane hukunci sun cika kurkuku, an rasa mai sa hannu, ga masu satar mutane suna cin karensu ba babbaka a hanya. A dawo da rataya kawai a huta. Wani ɗan Nijar mai sayen waya ya ce, "To in aka rataye marar laifi fa, wa zai dawo da shi?" Aka taso masa har ya yi shiru. Ni kam zuciyata tana tare da masu cewa a kashe. Abinci ma ba ya shiga. In na rufe ido ƙeyar Nafi'u nake gani.

Ranar Laraba da hantsi muka haɗu a ofishin lauyan. Ɗaki ne ƙarami mai dogon tebur, na'urar sanyi tana ta ƙara. Alhaji Garba ya zauna da carbinsa, dattijo dogo marar yawan magana. Aka shigo da tsohuwar, uwar direban. 'Yar ƙarama ce, bayanta ya ranƙwafa, hannayenta duk sun yi kanta irin ta manoma. Lauyan ya ce daga wani ƙauye mai nisa ta zo a jirgin ƙasa, kuma ba ta taɓa ganin baƙin mutum ido da ido ba sai yau.

Ba ta ko kalli kujera ba. Ta zube a gaban Alhaji ta kai goshinta ƙasa. Alhaji ya zabura ya miƙe har carbinsa ya faɗi.

"Subhanallahi! Sa'adu, ce mata ta tashi. Ba a yi wa mutum sujada."

Na faɗa mata. Na kuma gaya wa Alhaji cewa a al'adarsu wannan shi ne ƙarshen roƙo. Da ƙyar lauyan ya ɗaga ta ya zaunar.

Ƙa'idar aikinmu a irin wannan zama ita ce tafinta ba ya cewa "ta ce" ko "ya ce". Yadda mai magana ya faɗa haka za ka mayar, da "ni". To sai ga ni, ni da na wanke gawar Nafi'u, ina duban mahaifinsa ina cewa da bakina: "Ɗana ya kashe ɗanka. Ban zo in ce bai yi ba. Ni na haife shi, ni na kasa tarbiyyarsa. Ubansa ya mutu yana ƙarami, tun yana yaro yake da zafin zuciya, na yi ta dukansa bai daina ba. Shi kaɗai gare ni. Ban ce a sake shi ba. A kulle shi har ya tsufa, in dai na san yana numfashi a wani wuri."

Muryata ta yi rawa a wajen "shi kaɗai gare ni". Na ji haushin kaina.

Sannan Alhaji ya fara, ni kuma na juya ga tsohuwar, na zama shi: "Ni ma ɗana ne. Shi nake sa ran zai rufe ni. Ya bar mata da ciki, ta haihu bayan rasuwarsa, yarinyar ba za ta taɓa kiran Baba a amsa ba. Da a ce fuska da fuska suka yi faɗa, da na ce tsautsayi ne. Amma an raba su, ɗana ya juya baya, ɗanki ya je ya nemo ƙarfe."

Tsohuwar tana gyaɗa kai a kan kowace jimla, kamar mai karɓar bulala.

Lauyan ya soma maganar diyya, Alhaji ya ɗaga masa hannu ya ce ba wannan ta kawo shi ba. Ya ce a ba shi wuri ya yi azahar. Muka fita baranda, na shimfiɗa masa kwali, muka yi salla. Da ya sallame bai tashi ba. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗana, kai me ka gani?"

Wallahi amsa tana bakina. Kuma abin da ya tsorata ni shi ne ba amsar da na shigo da ita da safe ba ce, ba kuma kishiyarta ba. Na ce, "Baba, aikina bai ba ni damar gani ba. Allah ya ba ka zaɓi biyu, kuma duk wanda ka ɗauka ba ka yi laifi ba."

Ya ce, "Na sani. Da bai ba ni zaɓin ba, da ya fi min sauƙi."

Muka koma. Ya zauna ya dubi tsohuwar sosai, ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Na nemi afuwar a zuciyata ban same ta ba. Ba zan sa hannu a kan ƙarya ba."

Ni na faɗa mata. Na nemi kalma mai laushi a Sinanci na rasa, kuma ko da na samu ba ni da ikon amfani da ita. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe a hankali, ta rusuna wa Alhaji, ta rusuna min ni ma, ta ce na gode da wahala. Wannan ban juya wa kowa ba, don ni aka yi wa.

Alhaji ya koma Kano. Bayan wasu watanni lauyan ya bugo ofis ya ce kotun ƙoli ta tabbatar, an kuma zartar. Labari ya kai gidan abinci kafin ni. Na tarar ana ta alhamdulillahi, ana cewa haka ake ƙasa, ina ma a gida. Na fita bakin titi na kira Alhaji na faɗa masa. Ya yi salati. Sannan ya ce, "Sa'adu, tsohuwar nan fa? Wa ke kula da ita?"

Na ce ban sani ba, Baba. Kuma har yau ban sani ba. Na tambayi lauyan, ya ce ta koma ƙauyensu, lambar da ta bari ba ta shiga.

Kuna yawan tambayata ko ina goyon bayan a dawo da zartar da kisa a gida. In na tuna ƙeyar Nafi'u, ko na ji an tare hanya an kwashe matafiya, sai in ce a dawo da shi gobe. In na tuna hannayen matar nan a kan tebur, sai bakina ya mutu. Alhaji Garba bai taɓa ce min ya yi nadama ba, bai kuma taɓa ce min ya huce ba.

Abin da aikin ya koya min shi ne, masu ɗaga murya a kan rai su ne waɗanda ba su zauna a ɗakin ba. Waɗanda abin ya shafa a hankali suke magana, har sai ka matso da kunne. In aka tura ɗayanku irin wannan zama, ya je da alwalarsa, ya bar ra'ayinsa a bakin ƙofa, ya faɗi abin da aka faɗa daidai. Kuma kada ya karɓi wani aiki a wannan yinin, don ba zai iya ba.