Ga Yarinyar a Gabanka

Yau shagon mai hoto cike yake da 'yan makaranta masu son hoton jarrabawar shiga karatun likita, amma idonsa yana kan wata mata da ke ƙarshen benci. Ta haura arba'in, furfura tana leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Littafi ne buɗe a cinyarta, ya sha hannu har ya yi laushi. Leɓunanta suna motsi, yatsanta yana bin ƙasusuwan hannunta ɗaya bayan ɗaya. Takalminta fari ne marar tsini, irin na masu yini a tsaye a asibiti. Mai hoto yana raya wa ransa, wataƙila ma'aikaciyar jinya ce da ta gaji da miƙa wa likita almakashi.

Da layi ya zo kanta ya ce, "Mama, ina yarinyar?"

"Ga yarinyar a gabanka," in ji ta, tana rufe littafin. "Bara maki kaɗan ya hana ni. Bana kuwa su tanadar mini kujera."

Ta zauna, ta gyara mayafi, ta ɗaga haɓa.

"Ɗauka da kyau, ɗana. Wannan ne zai hau katina na ɗaliba."