Tsarabar Alhaji da Ta Ƙi Shiga Rami

Ko na manta komai a zamana na Libreville, ba zan manta ƙarar da na ji ranar nan ba. Ƙas! 'Yar ƙarama, kamar an karya tsinken sakace. Ina durƙushe a shagon Kawuna a unguwar Nzeng-Ayong, kwamfuta na kwance cikinta a buɗe, dattawa biyar na tsaye a kaina. Kawu ya ce, "Yawwa! Ka ga ta shiga." Ni kuwa na san ba shiga ta yi ba. Wani abu ne ya karye.

Bari in koma baya kaɗan. A aji biyu na sakandare na jefar da littafi. Na yi tallan takalma, na yi karen mota, na taɓa gyaran waya, babu inda na cika wata shida. Da uwata ta gaji, sai ta roƙi yayanta ya ɗauke ni zuwa Gabon. Ranar da na sauka Kawu ya nuna min wata tsohuwar kwamfuta a lungun shago, wadda ake buga wa mutanenmu wasiƙu da takardun neman kart-sejur, wato katin zama a ƙasa. Ya ce, "Wannan ce damarka ta ƙarshe. Ka yi wasa da ita, in mayar da kai inda na ɗauko ka."

Abin mamaki, aikin ya shiga raina. Sai dai kwamfutar akwai nawa. Ka danna abu, ka je ka yi alwala, ka dawo tana tunani. Wata rana aminin Kawu, wani Alhaji mai fatauci zuwa Duwala, ya zauna jiran takardarsa har ya ƙosa.

"Ɗana, me ke damun jakin nan naka?"

Na ce, "Baret ɗinta ce ta yi kaɗan, Alhaji." Baret ita ce RAM, ɗan siririn fallen da kwamfuta ke shimfiɗa aikinta a kai.

"To zan kawo maka tsarabarta. Wace iri?"

Na buga ƙirji na ce, "Kowace iri, in dai giga takwas ce."

Wannan laifina ne, ban taɓa musu ba. Kusa biyu kacal ke riƙe da murfin kwamfutar. Da na kwance na leƙa, da duk abin bai faru ba. Amma ina son a ce yaron ya sani.

Bayan mako biyu Alhaji ya dawo. Da la'asar sakaliya, majalisa ta cika a ƙofar shago ana shan shayi, ya zaro baret daga aljihun babbar riga, sabuwa fil a ledarta. Ya ce a saka yanzu, kowa ya ga yadda jaki zai koma doki. Na shigo da su, na buɗe murfi. A jikin babban allon da komai ke manne da shi, wanda ake ce wa kart-mer, akwai ramukan baret guda biyu, ɗaya da tsohuwar a ciki, ɗaya babu komai. Na ɗora sabuwar a kan wanda babu komai. Tsawo ya yi daidai. Amma a gefen baret akwai ɗan giɓi kamar wushirya, a cikin ramin kuma akwai ɗan haƙori da ya kamata ya faɗa cikin giɓin. Ba su haɗu ba. Na juya ta, nan ma ba su haɗu ba.

Na ce, "Kawu, ba za ta shiga ba."

Kun dai san mu. Ba a mayar da hannun kyauta baya, balle tsarabar babba, balle a gaban mutane. Na ga fuskar Alhaji ta canza.

Kawu ya ce, "Kai! Alhaji ya ɗauko abu tun daga Duwala, ka ce ba zai shiga ba?"

"Wallahi Kawu, wushiryarta ba ta dace da haƙorin ramin ba."

Wani mai sayar da agogo, ɗan Garwa, wanda bai taɓa rasa ta cewa ba, ya leƙo. "Ga wani rami can dogo a ƙasa, sa ta can mana. Ko shi ma sai an yi masa baiko?" Aka kwashe da dariya.

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Sabon takalmi ma sai an matsa. Danna."

"Kawu..."

"Na ce danna!"

Na danna. Ƙas. Na kunna. Fanka ta juya, gilashi ya tsaya baƙi ƙirin, kwamfuta ta hau kuka ƙit-ƙit-ƙit kamar ɗan tsako. Na kashe da sauri, na zare baret ɗin, na sake kunnawa. Kukan dai.

To ga abin da har yau in na tuna yake tafasa min zuciya. Mutum biyar suka ji na ce ba za ta shiga ba. Sau biyu na faɗa! Amma babu ko ɗaya da ya buɗe baki ya ce, ai yaron ya faɗa. Mai agogo cewa ya yi, "Dama hannun yaron nan ba ya zama wuri ɗaya." Wani ya ce ƙarfi ne ya yi masa yawa, irin na karen mota. Alhaji ya kaɗa riga ya ce ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya fita. Kawu kuwa ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Ranar Asabar akwai motar kaya da za ta bi ta garin Ntoum ta yi arewa. Ka haɗa jakarka."

Wato in na ƙi dannawa na raina Alhaji, in na danna na zama maɓarnaci. Ta ina zan fita?

Washegari da sassafe na rungumi kwamfutar na shiga taksi zuwa unguwar Cocotiers, wurin wata Madam 'yar Gabon da ake cewa ta iya gyara. Da ɗan guntun Faransancina na ba ta labari. Ta sa tabarau, ta haska tocila a gefen ramin, ta ce, "Karanta."

Da farin rubutu, ƙuru-ƙuru: DDR3. Ta juya baret ɗin Alhaji, ta nuna takardar da ke manne a jiki: DDR4.

"Ko ka bar makaranta da wuri, baƙi uku da lamba ɗaya sun gagare ka?"

Na sunkuyar da kai. Ta ce da gangan aka sa giɓin a wuri daban, don a hana irina yin abin da na yi. Ta nuna min dogon ramin da mai agogo ya so in gwada, ta ce na katin hoto ne, gajerun na kusa da shi kuma na katin intanet da makamantansu. Kowane da gidansa. Ta kuma nuna min lambar kart-mer ɗin, ta ce da ita ake duba irin baret da iyakar abin da allon zai iya ɗauka.

Haƙorin ramin ya karye, siraran ƙarafan ciki sun lanƙwashe suna taɓa juna. Ta ɗauki allura ta raba su ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina ta salati a zuci. Ta kunna. Gilashi ya kawo haske. Ta ce wancan rami ya mutu har abada, sauran ɗaya. Ta gwada ta Alhaji a wata na'ura, ashe da ranta, sai ta karɓe ta ta musanya min da giga takwas irin ta DDR3, ta cire tsohuwar ta sa ta. Ta shige sumul, ba gardama.

A taksi na dawowa raina bai huce ba. Ba zan iya kallon idon Kawu in faɗa masa abin da ke raina ba, ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Sai na rubuta masa ta waya. Bai taɓa amsawa ba, bai taɓa tada zancen ba. Amma motar Asabar ta tafi ba da ni ba, kuma daga ranar, in ina aiki majalisa ba ta shigowa shago. Saƙon yana nan a wayata:

"Kawu, barka da hantsi. Kwamfuta ta tashi, ina hanya. Laifina ɗaya, na yi magana ban buɗe na duba ba, kuma ba zan sake ba. Laifin dannawa kuwa ba nawa ba ne, ka sani, su ma sun sani. A yi wa Alhaji godiya, sanadin tsarabarsa jaki ya zama doki. Amma don Allah Kawu, gobe in na ce abu ba zai shiga ba, a tambaye ni dalili kafin a ce in danna. Ramin baret bai san babba ba."