Gamanar da Na Bar wa Fara

Aikina a ƙarshen shekarun tamanin shi ne in san abin da fara ke ci da abin da take ƙi. Sa'o'ina sun yi karatu sun zama likitocin mutane, ni kuwa nawa karatun a hanjin ƙwaro ya ƙare. Ina da ɗan ɗaki cike da kwalabe a bayan buron noma, wato ofishin aikin gona, a Birnin Konni. In sa wa fara ganyen gero, in jira, in tsaga cikinta in duba. A nan na lura idan aka jiƙa dakakkun ƴaƴan dogon yaro aka yayyafa ruwan a ganye, sai ta ɗanɗana ta ja da baya. Wata har yunwa ta kashe ta tana zaune a kan abinci. Amma abin da ya faru a kwalba ba hujja ba ne, sai an gani a gona.

Na tafi ƙauyenmu ta wajen Tajaye na roƙi Baffa, ƙanen mahaifina, ya ara mini gonarsa. Ya ce in yi yadda na ga dama, magani kyauta wa zai ƙi. Ƙa'idar aikin ita ce a fesa wa wani sashe, a bar wani sashe haka nan, don a gwada su. Na ja igiya, na kafa turaku, na rubuta lambobi a ƴan takardu na zuba a hula na zaro ɗaya. Ƙuri'a ta faɗa kan kusurwar gabas, ita ce za a bari ba feshi. Na ga wani layin yakuwa ya raba kusurwar da sauran gonar, ban kawo komai a raina ba. Tun ina ƙarami aka kai ni lakwal, makarantar boko. Na san sunan kowace fara a littafi, ban san yakuwa iyaka ce ba.

Fara ta sauka lokacin da gero ya fid da kai, ƙwayarsa da sauran taushi. Kowane mako nakan zo da famfo a baya in yi feshi, in na kai turaku in juya. A zuwa na uku na tarar da Inna, matar Baffa, tsaye a bakin yakuwar tana kallona.

Ta ce, “Ɗana, abin heshin nan naka bai iya ƙetare yakuwa? Nan gamanata ta.”

Gamana ita ce ƴar gonar da maigida ke yanka wa matarsa. A wajenmu da an gama girbi akan liƙe babban rumbu, ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka an shiga noma. Tsakanin nan mace da abin da ta noma take ci da kanta da ƴaƴanta. Inna kuwa jikoki biyu gare ta a ɗaki, ubansu ya tafi Najeriya bai waiwayo ba.

Na yi mata bayani dalla-dalla, kamar yadda nake yi wa ɗalibai. Na ce ta yi haƙuri, sati uku kawai suka rage.

Ta ce, “To, ita hwarar ta san da sati ukkun?”

Akwai sauran magani a famfon, ina jin nauyinsa a kafaɗata, kuma zai ishi gamanar. Amma in na fesa, ba ni da abin gwadawa, aikin shekara ya tashi a banza, damina kuwa sau ɗaya take zuwa. Na ce a raina ai buhun gero bai fi ƙarfina ba, zan biya ta. Na tsiyaye sauran maganin a gindin wata sabara na hau babur ɗina.

Gwajin ya yi kyau ƙwarai. Geron Baffa ya cika, kai ka ce ba a yi fara a shekarar ba. Na Inna ya zama tsirara, zangarniya sai ƙashi. Na ɗauki hoton sassan biyu daga kan layin yakuwa, na kama farin kowane ɓangare na tsaga. Na ɓangarenta cikinsu dam. Gaskiya na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye ba. Rahoton da na rubuta shi ya buɗe mini hanyar ƙarin karatu a waje.

Kafin in tafi na cika alkawarin da na yi wa kaina. Na sayi buhun gero mai kyau a kasuwar Konni, na ɗaura a babur na kai gida. Na tarar da Baffa a zaure da baƙi, na durƙusa na gaishe shi, na ce ga ɗan abin da na kawo. Ban ce na wane ne ba, a ganina kowa ya sani. Ya sa mini albarka har ya gaji. Abin da ɗa ya ajiye a gaban maigida na gandu ne, saboda haka washegari aka juye shi cikin babban rumbu aka liƙe da laka.

Ban ji labarin ba sai da na dawo hutu. Inna ta wayi gari ba geron gamana, ba na buhu. Da sanyi ya shiga ta ɗauki jikokin ta tafi Malbaza, ta yi ranin tana daka da wankau a gidajen ma'aikatan siminti. Shekarunta sun haura sittin a lokacin.