Katafila Na Shiga Hoto

Har yau in ka je ƙauyenmu da ke bayan Jiwa ka tambayi yadda aka yi muka rasa ramin yumɓu, za a ce maka bakina ne ya jawo. Wai gwamnati ta aiko manyan mutane su ceci ramin, ni kuma na yi musu rashin kunya, suka yi fushi suka tafi. Ƙarya ce. Babu wanda ya zo ceton komai. Kallon kitse mutanenmu suka yi wa rogo, da suka gatsa suka ji ba maiƙo sai suka nemi wanda za su ɗora wa laifi, ni ce kuma na fi kusa da hannu.

Lokacin farar hula ne, soja sun koma bariki, kuɗin mai na zuba, Abuja tana cin ƙasa kamar gara ta samu zana. Duk inda ka waiga tifa ce da yashi. Ni na gama sakandare, ina zaune a bakin hanya ƙarƙashin lema ina sayar da katin waya, ina jiran abin da ni kaina ban san ko mene ne ba.

Kakata, wadda ta haifi babana, maginiyar tukwane ce. Mu Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Ita da sauran tsofaffin matan ƙauyen suna ɗiban yumɓu a wani rami da ke gefen rafi, bayan gonakin doya. Ba kowace ƙasa ke yin tukunya ba. A duk kewayenmu ta wannan ramin ce kaɗai ba ta tsagewa a wuta. Wata safiya da rani muka tashi muka tarar 'yan safiyo masu awon fili sun kakkafa turakun siminti sun zagaye wurin, an kuma kafa wani ƙaton allo mai hoton gidaje masu jan rufi, da wasu mata da miji suna ta murmushi kamar an yi musu albishir da Aljanna. Rukunin gidaje za a gina. Can gefe an sauke katafila, ta yi tsaye da maigadinta.

Ana cikin wannan sai ga saƙo daga wurin mai unguwa. Wai gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin da zai zagaye ƙasa ya tattara al'adun gargajiya, a rubuta a adana kada su ɓace, kuma ginin tukwanen matan ƙauyenmu na cikin abin da aka zaɓa. Kawuna, ƙanin babana, ya taɓa yin masinja a wata ma'aikata a cikin gari, saboda haka shi ne masanin gwamnati na gidanmu. Ya buga ƙirji.

"An gama. In gwamnati ta sa abu a littafinta, ko shugaban ƙasa bai isa ya taɓa shi ba. Ni na yi aiki da su, na san su."

Aikin da ya yi da su shi ne kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, da sayo wa oga gasasshiyar masara. Amma an yarda da shi. Ni ma, in gaskiya ake so, na ɗan sa rai. Shi ya ce ni zan yi tafinta, tunda ina jin yarenmu da Hausa da Turanci, da sharaɗin in riƙa magana kamar 'yar mutane.

'Yan kwamitin sun ce da hantsi za su zo, suka zo bayan azahar, cikin fararen motoci masu lambar gwamnati. Shugabansu wani Darakta ne, dogo, ya sha farar shadda da tabarau, ya yi karatu a Ingila kuma ba ya bari a manta. Sai wata Hajiya mataimakiyarsa, waya a hannun dama waya a hannun hagu, turarenta ya riga ta fitowa daga mota. Sai mai kyamara, wani Bayerabe, shi kaɗai ne a cikinsu ke gumi.

Kaka ta yi shiri tun safe. Ta ɗaura atamfar da aka raba lokacin zaɓe, mai fuskar wani ɗan takara da ya faɗi, ta sa takalminta na zuwa coci, ta ɗaura agogon da bai taɓa aiki ba tun da aka ba ta shi. Ta tarbe su da Hausarta ta kasuwa.

"Sannu da zuwa, oga. Hanya yana lafiya? Mota bai sha wahala?"

Darakta ya ɗan yamutse fuska ya dube ni. "'Yammata, gaya wa Mama ta bar Hausa. Muna son abin a asalinsa."

Hajiya kuma ta zagaya kaka kamar mai tayin akuya. "Agogon nan dai a cire. Da takalmin. Wannan zanen ma ba zai yi ba." Ta aika direba ya ɗauko wata leda daga mota, ta zaro wani baƙin saƙi. Na ce na wane ne? Ta ce na kwamiti ne. Ashe da shi suke yawo, duk ƙauyen da suka je shi suke ɗaura wa tsohuwar wurin. Kaka ta shinshina shi ta ce da yarenmu, wadda ta sa shi kafin ita ba ta son wanka.

"Me ta ce?" in ji Darakta.

"Ta ce ta baya ba ta wanka."

Ya yi kamar bai ji ba, ya rubuta wani abu mai tsawo.

Abu ɗaya Darakta ya sani game da mu, shi ne matanmu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Ya maimaita shi ga Hajiya, ya maimaita ga direba, har ni ya juyo ya yi wa bayani. Gaskiya ne, haka ake yi. Amma kaka ta daina tun da kafaɗarta ta fara ciwo, yanzu a baro muke turo mata yumɓu. Suka sa aka ɓoye baron a bayan rumbu, aka aro wata babbar ƙwarya, aka ce mu tafi rami a ɗauko ta tana tahowa da kaya. Na ɗauka za ta ƙi. Ina! Tsohuwar nan ta ga kyamara ta manta da ciwo. Tana rangaji, tana ce mini in gaya wa mai hoto ya ɗauko ta ta ɓangaren dama, can ne haƙoranta suka fi yawa.

A bakin rami aka yi abin da aka yi. Kaka ta sauka ba takalmi, ta cika ƙwarya, ta ɗora a kafaɗa ta hauro. Mai kyamara ya ce a sake. Ta koma ta hauro. Ya ce a sake. Sai ya ɗago kai ya ce, "Oga, katafila na shiga hoto."

Darakta ya leƙa ya gani. "Gaskiya ne. Ku matsa hagu. Mama, ki ɓullo ta bayan waccan bishiyar. A kula da turakun nan ma, kada su fito."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Yallaɓai, ai katafilar ce ya kamata a ɗauka. Ita za ta cinye ramin."

"Wane ramin?"

"Wannan da kake tsaye a bakinsa."

Ya dubi ƙasa kamar yanzu aka kawo ta. Sannan ya cire tabarau ya goge, ya yi mini irin murmushin da malami ke yi wa daƙiƙi.

"Ƙanwata, bari in fahimtar da ke. Gado iri biyu ne. Akwai wanda ake taɓawa da hannu, kamar ganuwa da kushewa da tsofaffin gine-gine. Wannan sashe ne daban, da daraktansa. Mu namu shi ne wanda ba a taɓawa: waƙa, rawa, fasaha, ilimin da ke cikin kai. Ƙasa kuwa ana taɓa ta."

"To in an gina gida a kan ramin, da me za ta gina tukunyar? Da iska?"

"Ilimin yana nan a kanta. Shi muka zo adanawa."

"Kan nata ma ai ana taɓa shi, Yallaɓai. Ko shi ma na wancan daraktan ne?"

Kawu ya mintsine ni a hannu har sai da na ji a ƙashi. "Yi haƙuri, oga, yarinya ce. Bokon ne bai nuna ba."

Na fizge hannuna. Na sassauta murya iyakar iyawata, wadda ba ta da yawa. Na ce ba wani abu muke nema ba, ya yi magana da masu ginin, ko ya rubuta musu 'yan layuka a takardar ofishinsa, ya ce a bar wannan ɗan gefen. Ya ce ba huruminsa ba ne, mu je wurin masu kula da filaye. Na ce mun je, sun ce an riga an ba da wurin. Ya ce to ai kin gani. Ya mayar da tabaransa, ya ce wa mai kyamara rana na faɗuwa.

Ina juyawa sai na hango Hajiya can gindin allo, tana kwafar lambar da ke jiki a wayarta. Na matsa kusa. Da kunnena na ji tana tambayar maigadi, "Malam, akwai sauran fuloti kuwa, ko duk an kama?"

Nan ne na yi maganar da har yau ake jifana da ita. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Hajiya, ki zaɓi na kan ramin. In kin tare sai kaka ta riƙa zuwa falonki tana ɗiba."

Mai kyamara ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Hajiya ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Allah Ya shirye ki." Na ce amin, mu duka.

Masu cewa sun tafi cikin fushi, ina so su tuna da kyau. Ba su tafi ba sai da suka ɗauki kaka tana cuɗa yumɓu, tana ɗaga bangon tukunya, tana wata waƙa da ta ƙirƙira nan take tana zagin maƙwabciyarta, Darakta na kaɗa kai yana cewa wannan tsohuwar waƙar aiki ce. Suka zauna suka ci sakwarar da matan ƙauye suka wuni suna dakawa, Hajiya har ta nemi ƙarin miya. Suka karɓi kyautar tukwane, Darakta ya zaɓi randa mafi girma ya ce za ta yi kyau da fure a ƙofar ofis. Suka kwance saƙinsu daga jikin kaka suka mayar leda. Mai fushi ba ya neman ƙarin miya.

Bayan wani lokaci aka gayyace mu taron bita a wani babban otal a cikin gari. Muna shiga sai ga kaka a bango, hotonta ya fi ta girma sau nawa, ƙwarya a kafaɗa, bayanta ciyawa shar da bishiya, kamar ba a taɓa ƙera katafila a duniya ba. Ta tsaya ta daɗe tana kallon kanta ta ce, "Wannan mata yana da kyau." Sanyin na'ura ya hana ta sakat, ta lulluɓa da mayafina. Manya suka yi ta hawa suna sauka, kowa na cewa daga yau waɗannan al'adu sun tsira, jikokin jikoki za su same su. Aka kira ta aka ba ta takardar yabo cikin gilashi, aka yi tafi. Ba wanda ya tambaye ta komai, ni ma ba a nemi in fassara komai ba. Ta ƙunshe cinyar kaza a gefen zane, muka fito.

Da muka iso gida muka tarar an fara zagaye filin ramin da kwanon rufi. Kawu bai jira an tambaye shi ba. Ya bi gida gida yana cewa da ma Darakta ya yi niyyar magana, ni na ɓata. Matan da ke ɗiban yumɓu tare da kaka suka daina amsa gaisuwata. Har babana ya ce in je ofishin in ba da haƙuri. Na ce in ba wa wa haƙuri, randa?

Kaka ita kuwa ta rataya takardarta a bango, ta zauna tana kallon ɗan yumɓun da ya rage mata a ƙarƙashin buhu, wanda ba zai wuce 'yan tukwanen miya ba. Wannan zaman nata ya fi zagin kowa damuna.

Na tashi na tafi wurin da kaina. Ta gefen rafi ba a gama rufewa ba, na kutsa na sami maigadi yana shan rake. Na tambaye shi yaushe za a binne ramin. Ya ce binnewa kuma? Ai masu ginin sun ce wannan ƙasar ba ta riƙe harsashin gini, kwashe ta za a yi duka a zubar, a kawo jar ƙasa a cike. Na ce a zubar a ina? Ya ce duk inda direban tifa ya ga kwari, su dai a raba su da ita. Na ce direbobin daga ina suke? Ya ce Dei-Dei, su ne dai masu kawo yashin nan.

Na dawo na gaya wa kaka, na ce zan sa a juye mata ƙasar ramin a bayan ɗakinta. Ta ce, "Tudu a bayan ɗakina? Akuya zai hau ya ɓata."

"Sai mu rufe da leda."

"In ya ƙare fa?"

"In ya ƙare ya ƙare. Ke dai nawa kike jin ya rage miki a duniyar?"

Ta jefe ni da murfin kwano, ta kuskure.

Ban san ko direban tifa zai saurari mace ba, ban kuma san ko tudu ɗaya zai ishi tsofaffin ƙauyen duka ba, har da masu gaba da ni. Amma na yanke shawara ba zan sake taka ofishin kowa ba, ba kuma zan nemi shawarar kawu ba. Washegari zan sa wa baronmu iska, in share filin da ke bayan ɗakin kaka, in hau mota zuwa Dei-Dei in nemo direban da ya fi kowa ƙyuyar tafiya nesa, in nuna masa wurin zubarwa mafi kusa.