Ɗingishin Tela

A ofishin inshora, wani dattijo yana zaune a bakin benci, sandar asibiti tsakanin gwiwoyinsa. Ina jin tela ne, don ga zare manne a hannun rigarsa. Duk sanda ƙofar likitan da ke duba masu neman diyya ta motsa sai ya zabura.

Ana kiransa ya miƙe yana ɗingishi. 'Yarsa ta ja gefen rigarsa, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, ƙafar hagu motar ta buge. Ta dama kake ɗingisawa."

Ya sauya ƙafa. Ashe ƙashin ya warke, tsoronsa kada likita ya gane a hana shi diyya. A raina na ce, maƙaryaci.

Da na fito sai ga su a bakin titi. Motoci sun tsaya, kowa na tsallakawa, shi kuwa ya kafe, farcensa ya nutse a hannun 'yar.

"Baba, sun tsaya mana fa."

"Waccan ma ta tsaya," in ji shi. "Sai da na kai tsakiya ta taso."

Aka saki motocin. Ya ja da baya har ya jingina da bango, yana jiran wata tsayawar da ya san ba zai yarda da ita ba.