Azumin Obadiah Mai Ƙanƙara

A duk Bolori, in ka tambayi shagon Obadiah Mshelia, sai a yi ta kallon juna. Amma ka ce Baba Ƙanƙara, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka hanya. Mutumin Biu ne. Ya sauko Maiduguri yana saurayi da jaka ɗaya da ciki ɗaya. Jakar ta ɓace tun a tasha, cikin kuwa yana nan har yau, ya ma yi ƙari. Ya yi dako, ya yi gadi, ya taɓa sayar da bandar kifi har uban gidansa ya lura kaya na ƙarewa kafin masu saye su iso. Daga ƙarshe ya haɗa tsofaffin firiza da wani janareto mai tarin asuba, ya kama sana'ar ƙanƙara, hajar da ko ka cinye ta ba za ka ƙoshi ba.

Kirista ne na ƙwarai, wannan ba a musu. Lahadi ba ya fashi, kuma in ya ɗaga murya a waƙa har na masallacin bayan layi sun san an fara sujada. Wanda ya taɓa sace masa wayar janareto ma ya yafe masa, har ya je sunan ɗansa. Abu ɗaya ne ya gagare shi: azumi. Duk ranar da Fasto ya sanar da azumi da addu'a, Obadiah sai ya ɗauki addu'ar ya bar wa jama'a azumin.

"Ai ikilisiya jiki ɗaya ce," in ji shi. "Wani ido ne, wani hannu ne. Ni ciki ne. Kowa ya riƙe aikinsa."

Matarsa Serah, wadda ke kaɗa tulu a Zumuntar Mata ta cocinsu, ta daɗe da daina yi masa wa'azi a kan wannan. Tana dai zuba masa tuwo ta ce Allah ya shirya.

Sai ga shekarar da likita ya ce akwai ƙari a cikin Serah, dole a yi mata aiki. Ranar ta faɗo a tsakiyar zafin Maris, kuma Musulmi na cikin watan azumi, lokacin da ƙanƙara ke zama sarauniyar gari. An hana Serah ci da sha kafin aikin. Obadiah ya dube ta kwance a gadon asibiti, leɓenta a bushe, sai zuciyarsa ta karye. Ya durƙusa nan take, ya ce da ƙarfi yadda duk ɗakin zai ji:

"Ya Ubangiji, yau zan riƙe bakina, ko ɗigon ruwa ba zai wuce ba har a fito da ita. Ni in riƙe baki, kai ka riƙe mini Serah."

"Baban Zion," in ji Serah, "tashi ka je ka buɗe shago. Warin magani ma sumar da kai yake yi. Zion tana nan tare da ni."

Zion ita ce babbar 'yarsu. Ta raka shi har ƙofa, ta ce za ta kira shi da zarar an shiga.

A shago ya tarar da Ba Ajimi, maƙwabcinsa dillalin raguna, wanda duk watan azumi ke shimfiɗa tabarma a gindin firiza don ya sha sanyi kyauta.

"Wushe, Obadiya," ya gaishe shi da Barbarci. "Sannu. Ya mai jiki? Ina kwanon naka yau?"

"Azumi nake yi."

Ba Ajimi ya tashi zaune. "Kai? Wane laifi abinci ya yi maka?"

Da ya ji dalili, sai ya bar dariya, ya koma ba da shawara irin ta tsohon hannu: kada ka yawaita magana, kada ka kalli rana, kada ka yi tunanin miya. Wannan ta ƙarshe ita ta ɓata komai, don kafin ya ambata, Obadiah bai tuna da miya ba.

An ce da safe za a yi aikin. Hantsi ya yi, shiru. Rana ta take, shiru. Zion ta kira ta ce an ɗaga zuwa yamma, wani mai haɗari aka fara shiga da shi. Obadiah ya ɗaga kai sama ya ce, "Ubangiji, ba haka muka yi da kai ba."

Harshensa ya zama kamar tsohon takalmi. Ga masu ardeb, wato jiƙon tsamiya, da masu zoɓo sun fara layi da bokitai, shi kuma yana ta sara ƙanƙara, sanyinta na busa masa fuska, ruwanta na bi ta yatsunsa yana zuba ƙasa a banza. Can sai wani ɗan gutsure ya yi tsalle ya sauka a bayan hannunsa. Obadiah ya tsaya. Ya tambayi kansa, shin ƙanƙara abinci ce? A'a. Ruwa ce? Tukuna dai. Kafin ya gama shari'ar, gutsuren ya riga ya isa inda za shi. Tun da abu ya riga ya lalace, ya bi shi da kofin ruwa, ya bi kofin da wani, sannan ya tuna akwai ragowar burodin jiya a saman firiza.

Yana haɗiye lomar ƙarshe waya ta yi ƙara.

"Baba, yanzu aka shiga da Mama."

Wuƙar sarar ta faɗi daga hannunsa. Shi a ganinsa ciniki aka ƙulla, kuma shi ya fara warwarewa, daidai lokacin da Serah ke kwance a gaban likitoci. Ƙaton mutum ya zauna daɓas a kan bokiti.

Ashe Ba Ajimi barcin ido ɗaya yake yi. "In mantuwa ce," ya ce a hankali, "a wajenmu Allah ne ya ciyar da kai."

"Ba mantuwa ba ce, Ba Ajimi. Sai da na dubi ƙanƙarar, ta dube ni."

"To wannan kam ya fi ƙarfin karatuna, sai Fastonku." Ya miƙe ya ɗauki wuƙar. "Tashi ka tafi wajen matarka. Zan riƙe shagon. Ni dai ka san ba zan ci maka kaya ba kafin magariba."

A barandar asibiti matan zumunta sun jeru da zannuwansu iri ɗaya, suna addu'a ƙasa-ƙasa. Obadiah ya raɓe a ƙarshen benci kamar wanda ya zo biki ba gayyata. Da ya buɗe baki zai yi addu'a, a karo na farko a rayuwarsa, na kusa da shi ma bai ji ba.

"Ya Yesu, abin da na ce zan kawo, na shanye shi, har da burodi. Ba ni da komai a hannu. In don ƙarfina za ka taimake ta, to mun shiga uku. Ka taimake ta don halinka."

Ba wata murya da ta amsa daga sama, fankar barandar ma ba ta motsa ba. Amma ya iya zama ya jira kamar kowa.

Ana kiran sallar magariba likita ya fito ya ce aiki ya yi kyau. Matan zumunta suka ɓarke da guɗa har sai da wata nas ta zo ta tsawata. Da Serah ta farfaɗo aka bar shi ya shiga, ya tsaya a gefen gado yana murza hula.

"Maman Zion, akwai maganar da zan faɗa miki. Azumin nan…"

"Da me ka karya?" Muryarta can ƙasa.

"Ƙanƙara. Da ruwa. Da ɗan burodi."

Serah ta fara dariya, ɗinkin ya hana ta, ta dafe ciki tana ciza leɓe.

"Kwantar da hankalinka, Baban Zion. Kana fita da safe na ce wa Ubangiji, ka ji alkawarin bawanka, ka kuma san shi; don Allah kada ka jira shi, ka ci gaba da aikinka kawai."